Binciken gida-gida ko fayil ɗin ofishin haraji?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina rubuta furojet na digiri na biyu, so nake in lissafa yadda sabuwar dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026 za ta taɓa talaka da mai hali. Wani ya ce in ɗauki bayanan NLSS, wato binciken gida-gida kan yanayin rayuwa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa (NBS) ke yi, wani ya ce takardun hukumar haraji sun fi. Wanne zan bi?

Amsa: To ƙanwata, ni dai NLSS zan ce ki fara da shi, amma ki san raminsa.

Ofishin haraji wanda ya biya kawai ya sani, galibi ma'aikacin da ake cire wa haraji kai tsaye a albashi, wato PAYE, alhali NBS ta ce sama da kashi 90 na masu aiki a Najeriya sana'arsu ba ta cikin rajistar hukuma. Mai shayi, ɗan acaɓa, matar da ke suyar ƙosai a cikin gida, duk babu su a fayil. Kuma fayil ba ya faɗa miki bakuna nawa ke cin albashin nan, dokar ta ɗauke haraji kan naira 800,000 na farko a shekara amma a takarda gwauro da mai mata biyu da yara tara duk ɗaya ne, wannan kuwa shi ne ainihin tambayarki.

NLSS na 2018/19 ya shiga gidaje kusan 22,000, daga nan aka samo talaucin kashi 40.1, banda Borno. Yana ganin gida gaba ɗaya. Matsalarsa attajiri ba ya buɗe get, wanda ya buɗe ma wa zai faɗa wa baƙo mai riƙe da takarda abin da yake samu? Manomi kuma kuɗinsa sai kaka. Shi ya sa bayanan cefane suka fi na kuɗin shiga ƙarfi a ciki. Sannan farashin da ke cikinsa na kafin a cire tallafin mai a 2023 ne, dole ki ɗaga alkaluman su dace da yau.

Idan kin ɗora dokar a kan gidajen, ki haɗa jimillar PAYE da ta fito miki, ki gwada ta da wadda NBS ke bugawa a rahoton kuɗin shigar jihohi. In taki ta yi ƙasa sosai ki fara duba masu manyan albashi, yawanci nan giɓin yake. A Afirka ta Kudu manhajojin lissafa tasirin haraji guda biyu suka gina, SAMOD a kan binciken gidaje, PITMOD a kan takardun hukumar harajinsu SARS. Mu namu PAYE ɗin yana warwatse ne a hukumomin jihohi, don haka in za ki nema ki tura wasiƙa tun yanzu, da sa hannun sufabaizanki.