Amsoshin Tambayoyinku: Batir ne ya mutu, ko wani abu ne yake kashe shi?

Wani malamin makaranta daga Zariya ya rubuto cewa yana da Toyota Corolla ƙirar 2008 wadda ya sanya wa sabon batir wata tara da suka wuce, amma tun da hunturu ya shigo, duk safiya in ya murɗa makulli sai ya ji ƙas-ƙas-ƙas ba tare da injin ya juya ba, har sai maƙwabcinsa ya zo ya jona masa. Mai shagon da ya sayar masa ya ce batirin ya yi wa motar kaɗan, a sayi babba. Yana tambaya ko ya saya.

Malam, kada ka fitar da ko kwabo tukuna. Batirin da bai cika shekara ba kan mutu idan asali jabu ne ko ya daɗe a ajiye a shago, amma sau da yawa wani abu ne a jikin motar yake hana shi cika, kuma idan ba a gano abin ba, wanda za ka saya ma hanyar da na farko ya bi zai bi. Randar da ba a zuba mata ruwa, ko an canza ta da babba, ranar ƙarewar ruwan kawai aka ɗaga.

Ka fara da abin da idonka zai gani. Ka buɗe bonet ka dubi kawunan batirin guda biyu. Idan ka ga wani gari fari ko kore-kore ya taru a kansu kamar gishiri, ko ka kama wayar ka girgiza ka ji tana motsi, to wuta ba ta wucewa yadda ya kamata, kuma wannan kaɗai ya isa ya kawo ƙarar da kake ji. Na taɓa tsayawa a wani gareji ana cinikin batir da wani dattijo, sai wani yaron riwaya ya cire kan, ya wanke da ruwan zafi, ya goge da buroshin waya, ya ɗaure da sifana lamba 10, motar ta tashi a murɗi ɗaya, ciniki ya watse.

Idan kawunan lafiya lau suke, sai a koma ga awo, domin nan ne gaskiya take fitowa. Duk riwayan kirki yana da mitar awon wuta, kuma awo uku nake so a yi a gabanka. Na farko da safe, bayan motar ta kwana ba a tayar da ita ba. Batirin mota yana da ɗakuna shida a ciki, kowanne yana ba da kusan bolt 2.1, saboda haka cikakken batir zai nuna 12.6. Idan ya nuna 12.4 ya ɗan ragu, 12.2 kusan rabi ke nan, ƙasa da 12 kuwa ya kusa zama fanko. Idan aka yi masa caji mai kyau amma ya dawo ya tsaya a wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu, kuma wannan ba ya gyaruwa. Awo na biyu shi ne a bar mitar a jone a murɗa makulli. Bai kamata lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 ba yayin da kik yake juya inji. Na uku, wanda nake zargin shi ne zai warware matsalarka, ana yin sa ne inji yana aiki, inda ake so a ga tsakanin 13.8 da 14.7. Idan aka ga 12 da ɗoriya kawai, altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji idan inji yana aiki, ba ta caji, ko fambel ɗin da ke juya ta ya saki, kuma batirin ne yake ciyar da motar duk tsawon tafiyarka. Idan ya haura 15, caji ya yi yawa, yana dafa batirin.

Akwai wani gwaji da ya zama ruwan dare a garejinmu, wato a cire kan batir inji yana aiki don a ga ko motar za ta mutu. Kada ka yarda a yi wa motarka wannan. A tsofaffin Fijo an sha yi an kwana lafiya, amma motarka tana da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, kuma tsallen wutar da ke biyo bayan cirewar zai iya ƙona ta ko ya lalata altanetar, asarar da ta fi kuɗin batir nesa ba kusa ba.

Idan awon nan uku suka fito daidai amma motar tana ƙin tashi bayan ta kwana, a nemi ɓarawon wuta. Fitilar but da ba ta mutuwa, rediyon da aka ƙara, ko na'urar bibiyar mota da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba, duk suna tsotsar batir cikin dare, kuma motar da aka kashe aka kulle bai kamata ta riƙa jan fiye da miliamfiya 50 ba. Ka kuma duba irin tafiyarka, domin idan daga gida zuwa makaranta minti biyar ne, altaneta ba ta samun lokacin mayar da abin da kik ya zuƙe. Shi kuwa hunturu tona asiri kawai yake yi. Zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ake kai maki 40 a ma'auni, shi ne yake ƙafar da ruwan batir ya cinye farantan dalma da ke cikinsa, sanyin Disamba kuma ya zo ya tarar da shi ba ƙarfi.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Katsina ta ce batirinta ya shekara uku, gefensa ya kumbura, tana kuma jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. An kawo mata na tokumbo mai rahusa, tana tambaya ko ta karɓa.

Hajiya, naki ya gama aiki, a cire shi yau, kuma kada a kusance shi da sigari ko ashana, saboda iskar da batir yake fitarwa tana kama wuta. Shekara uku a zafin Katsina ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Sai dai kumburi da warin nan kan nuna cajin da ya wuce kima, don haka a auna altaneta a ranar da za a sanya sabon. Game da tokumbo, ban ba ki shawara ba. Batir yana tsufa ko a ajiye yake, kuma wanda aka yi wa caji da safe zai nuna 12.6 a gabanki ya zube bayan kwana uku. Ki sayi sabo mai lambar Ah, wato ma'aunin yawan wutar da batir yake iya riƙewa, daidai da ta tsohon, a tabbatar tsawonsa ya shiga mazauninsa kuma kan mai alamar tarawa yana ɓangaren da jar wayar motar take. Ki sa a nuna miki ranar da aka ƙera shi, ki guji wanda ya wuce wata shida a shago, a rubuta garanti a kan rasit. Idan motarki irin wadda take kashe kanta a danja ce, sai batiri nau'in AGM ko EFB, waɗanda suke jure yawan kashewa da tayarwa. Tsohon kuma kada a jefar, domin masu shago suna karɓarsa su rage kuɗi saboda dalmar da ke ciki.

Wani matashi daga Maraɗi yana so ya canza da kansa, yana tambayar wace waya ake fara cirewa.

Ɗan'uwa, ka kashe mota ka zare makulli, ka fara cire baƙar waya mai alamar ragewa, sannan ja. Wajen mayarwa ja ce farko, baƙa ta biyo baya. Dalili shi ne jikin motar gaba ɗaya a haɗe yake da baƙar, don haka muddin tana jone, sifanarka ta taɓa ƙarfe kana kwance ja, sai tartsatsi. Ka cire zobe da agogo, ka ɗaure batirin da maƙallinsa don kada ramukan hanya su jijjiga shi, ka shafa ɗan giris a kawunan bayan ka ɗaure. Idan mai murfi ne ka ga ruwansa ya ja baya, tataccen ruwan batir za ka ƙara har ya rufe farantan, ban da asid, ban da ruwan rijiya.