Jibin Ubangiji da saƙon waya

Amaryata,

An karanta mini saƙonki. Wato kin ranta wa ƙawarki ta ƙungiyar mawaƙa kuɗi, ba ta biya ba, kika yi mata tatas a gaban sauran mawaƙa, yanzu ko gaisuwa ba ta haɗa ku. Ga Jibin Ubangiji, cin gurasa da shan ƙoƙo na tunawa da mutuwar Yesu, ran Lahadi, shi ne kike tambaya ko ya isa ki tura mata "na yafe miki" ta WhatsApp, da ɗan hoton nan na hannuwa biyu a haɗe, sannan ki je ki karɓi gurasa da ƙoƙo. Kuma wai wa ya ƙirƙiro wannan al'ada ta sai an shirya kafin a ci. Kakarki ta yi dariya har da hawaye. Tawa dariyar ba ta yi nisa ba, don na lura ke ce mai rabon gafara, alhali ke kika kunyata yarinyar mutane.

Al'adar dai ba dattawan ikilisiya suka ƙaga ta ba. Buɗe Matiyu 5:23-24. Yesu ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Ki lura da wanda aka ce ya tashi: wanda ake riƙe da shi a zuci. A 1 Korintiyawa 11 kuma Bulus ya tsawata wa mutanen Korinti don suna taruwa a rarrabe, wani ya ci ya ƙoshi har ya bugu, wani yana zaune da yunwa, shi ya sa ya ce kowa ya bincika kansa kafin ya ci ya sha. Tun wajen shekara ta 150, Jastin mai shahada, wani marubucin Kirista na dā, ya rubuta cewa masu bi a Roma suna gaisawa da sumba bayan addu'a, sai daga baya a kawo gurasa da ƙoƙo. Wanda ba kwa magana da shi, yaya za ki yi wannan gaisuwa da shi?

A zamanin ƙuruciyarmu ba a yi wa mutane ba-zata da Jibi. Ana sanarwa mako guda kafin ranar, ran Asabar da yamma kuma a yi taron shiri. Tsakanin sanarwar da Asabar ɗin za ki ga manya suna zirga-zirga gida-gida da magariba, ba wanda zai tambaye su ina za su. Iyayenmu suna cewa zumunci a ƙafa yake, kuma ba wai sun rasa yaron aike ba ne. Dalilinsu shi ne, tafiyar kanta tana rage girman kai, kuma wanda aka je wa yana ganin fuska, yana jin murya, ya san ko tuban na gaske ne.

Akwai wani Jibi da duk wanda ya halarta bai manta ba. Wani dattijo, kafinta ne, shi ke riƙe da jakar baiko. Kuɗi suka yi ƙasa, sai ya tashi a taron ikilisiya ya kama sunan wata gwauruwa da take share majami'a. Matar ba ta ce uffan ba, ta daina shara, ta koma zama a bencin baya. Bayan 'yan watanni aka ga kuɗin a cikin jakar, ɗinkin ciki ya ɓarke sun zurara ƙasa. Dattijon ya je gidanta da dare shi kaɗai ya ba ta haƙuri, ta ce ta ji. Ya ɗauka magana ta ƙare. Ran Asabar a taron shiri babban dattijo ya tambaye shi mutum nawa suka ji zargin, mutum nawa kuma suka ji ban-haƙurin. Ya yi shiru. Washegari an riga an buɗe farin ƙyallen da ke kan teburin Jibi, an miƙa masa tiren gurasa ya raba, sai ya ajiye shi. Ya bi ta tsakanin benci har baya, ya durƙusa gaban matar da furfurarsa, ya faɗa da ƙarfi cewa ƙarya ya yi mata, ga inda kuɗin suka shiga. Mawaƙa suka fara waƙa don su rufe abin, fasto ya ɗaga hannu ya tsayar da su. Ta daɗe ba ta ɗago ba, har yara suka fara motsi. Da ta ɗago, cewa ta yi ta yafe, amma shara ba za ta koma ba. Ba wanda ya matsa mata. Daga hannunsa ta karɓi gurasa ranar, sharar kuwa aka ba wani.

Daga irin wannan ne manyanmu suke cewa faɗin tuba daidai da faɗin laifi. Abin da aka yi tsakanin mutum biyu, a gyara shi tsakanin mutum biyu. Abin da aka yi a gaban mawaƙa, mawaƙan su ji gyaransa. Naki ya faɗa na biyun.

Ga yadda ake yi. Ki fara zuwa wurinta ke kaɗai, kamar yadda Matiyu 18:15 ya tsara, a lokacin da ba ta cikin aiki ko baƙi. Kada ki bari sai safiyar Lahadi a ƙofar majami'a, don a nan kunya ce za ta sa ta amsa. Ki fara da naki laifin, ki ambace shi: na zage ki a gaban mutane. "In na ɓata miki rai" ba tuba ba ce, kin mayar da laifin kan zuciyarta ne. Kada ki bi shi da "amma ke ma", a nan yawancin sulhu suke wargajewa. Ki yi shiru ta yi magana har ta gama, ko da ta ƙara gishiri. Maganar bashin ki bar ta sai wani zama, don in kika haɗa su za ta ɗauka kuɗinki kika zo karɓa da dabara.

Bashin kuma bai mutu don an yafe ba, sai in ke kika ce kin bar mata shi. Littafin Firistoci sura 6 ya ce wanda ya danne amanar maƙwabcinsa ya mayar da ita cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zambata ninki huɗu a Luka 19:8. Ba ina cewa ki nemi ƙari ba. Ku yanka rana, ku raba biyan yadda za ta iya, a gaban mutum ɗaya da ku duka kuka yarda da shi. Sai dai kafin ki shaƙe ta, ki karanta ƙarshen Matiyu 18, inda bawan da aka yafe wa bashin talanti 10,000, kuɗi masu ɗimbin yawa, ya kama wuyan ɗan'uwansa kan dinari 100, wato ladan aikin kwana 100 kacal.

In ta ƙi sauraronki, Matiyu 18:16 ta ce ki ɗauki mutum ɗaya ko biyu. Ki zaɓi waɗanda ita take jin nauyinsu, ba ƙawayenki da suka riga suka ji labarin daga bakinki ba. Sai wannan ya gagara ake kai wa dattawa. Ku 'yan yanzu kun juya tsarin: kuna farawa da habaici a Facebook, duniya ta ji, wadda abin ya shafa ita ce ta ƙarshe. Magana zarar bunu ce, haka aka gaya mana, ga shi taku har hotonta ake ɗauka a ajiye.

Wani kuskuren kuma shi ne na masu ƙaurace wa Jibi shekara da shekaru suna cewa ba su cancanta ba. Bulus cewa ya yi a bincika kai sannan a ci. Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke wajenki, ki zauna lafiya da kowa. In kin je, kin faɗi naki, ta rufe ƙofa, nauyin ya bar wuyanki, ki ci, ki ci gaba da gaishe ta ko ba ta amsa ba. Zafin zuciya yakan dawo bayan an yafe, musamman in kin gan ta da sabon zane alhali kuɗinki na hannunta. Wannan ba ya nuna gafarar ta ƙarya ce, sake yin ta ake yi, kuma ina ganin abin da Bitrus ya ji ke nan da Yesu ya ce masa ya yafe bakwai har sau saba'in.

Wayar kuwa, da a ce yarinyar tana wata ƙasa da sai mu yi wata magana, ko a nan ma murya ta fi rubutu. Amma kin ce benci ɗaya kuke zama wajen koyon waƙa. Ki tura mata saƙo ki tambaye ta yaushe za ki same ta a gida. Ba ki kuma gaya mini ko ta ƙi biya ne ko ta kasa ba, ki bincika wannan kafin Asabar.