Filin Masu Sha'awar Hoto: Daga Titin Agege Zuwa Takarda

Tambaya daga wani tela a Agege:

Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina ɗaukar hotunan unguwarmu da wayata, musamman bakin layin dogo da rumfunan masu goro. Na tara ɗan abin da na tara domin in sayi kyamara, amma duk wanda na tambaya sai ya ambata mini wadda kuɗinta ya fi ƙarfina. Wacce zan saya, kuma shin abin da nake ɗauka ya cancanci a kashe masa kuɗi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan fara da ƙarshen tambayarka, domin shi ne ya fi muhimmanci a wurina. Abin da kake ɗauka ya cancanta, kuma dalili shi ne Legas gari ne da ba ya barin abu ya daɗe a yadda aka san shi. Wanda ya san Pen Cinema da ke Agege kafin a buɗe gadar sama a 2021 ya san cewa wurin da yake gani yau wani wuri ne dabam. An rushe Maroko a 1990, Oshodi ta canja kama tun daga 2009, bakin teku na Bar Beach ya koma filin da ake gina sabon birnin Eko Atlantic, kuma a watan Satumba na 2016 aka wayi gari an rushe gidan Ilojo Bar da ke kusa da Dandalin Tinubu, duk da cewa tun 1956 aka sanya shi cikin kayan tarihin ƙasa. Abin da ya rage na waɗannan wurare shi ne hotunan da wasu suka ɗauka a lokacin da ake ganin ba su da wani aiki.

Hausawan Ikko kuwa sun fi kowa buƙatar mai ɗaukar hoto daga cikinsu. Layin dogon da kake tsayawa a bakinsa ya isa Kano tun 1911, kuma ta kansa goro ya riƙa haurawa Arewa, shanu suna gangarowa Kudu. Amma yawancin hotunan Agege, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago da ake gani a jaridu baƙi ne suka ɗauke su, kuma sukan zo ne ranar gobara ko ranar rikici. Ranar da ba a yi komai ba, wato ranar da ɗan goro yake yayyafa wa huhunsa ruwa yana tsince wanda ya fara lalacewa, ko mai shayi yake ɗaga kofi sama yana shiƙa, wannan ranar sai ɗan gida ne zai ɗauke ta.

Ka dubi marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a nan Legas a 2014. Ya fara ne a 1950 da ƙaramar kyamara ƙirar Brownie D, sannan daga 1968 ya duƙufa kan abu guda da mutane ke gani kullum ba su ɗauke shi da muhimmanci ba, wato kitson matan Najeriya. Ya tara hotuna kusan 1,000 a kan wannan fanni kaɗai, kuma an nuna su a babban baje kolin Venice a 2013. Naci a kan abu ɗaya shi ne ya ɗaukaka aikinsa.

Game da saye, shawarata ita ce ka nemi ta hannu mai lafiya. Irin su Nikon D3300 mai megafiksel 24, ko Canon 700D mai 18, sun tsufa a idon 'yan kasuwa, amma har gobe suna fitar da hoton da za a wanke babba a rataye a bango. Ka haɗa ta da gilashi guda wanda ba ya jawo nesa, mai milimita 35, ko 24 idan ka fi son lungu mai ƙunci ya shigo gaba ɗaya. Irin wannan gilashi ba shi da nauyi, yana shan haske sosai, kuma yana tilasta maka ka matsa kusa da mutum da ƙafarka. Henri Cartier-Bresson na Faransa, wanda ake ɗauka a matsayin jagoran ɗaukar hoton rayuwar kan titi, ya yi mafi yawan aikinsa da ƙaramar Leica da gilashi mai milimita 50.

Idan ka je Computer Village, kasuwar kayan waya da kwamfuta da ke Ikeja, ka yi yadda kake yi idan za ka sayi tsohon keken ɗinki, wato kada ka biya sai ka gwada da hannunka. Ka tafi da katin memori naka. Ka ɗauki farin bango ko sararin sama bayan ka ƙuntata ƙofar hasken gilashin zuwa f/16, ka buɗe hoton a kwamfuta ka duba ko akwai ɗige-ɗige. Ka haska tocila ta cikin gilashin ka ga ko akwai wani abu kamar saƙar gizo. Ka nemi a nuna maka adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, domin ƙananan kyamarori irin waɗannan an ƙera marfin idonsu, wanda ke buɗewa ya rufe duk sanda aka ɗauki hoto, ya yi aiki kimanin sau 100,000. Sannan kada ka ƙarar da kuɗinka duka a wurin. Ka ware wani kaso na wankin hoto.

A kan titi kuwa, ka sa ƙofar haske a f/8, saurin ƙiftawa a 1/500 na daƙiƙa domin motocin bas na danfo da Keke Marwa su tsaya cak, ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, ta daidaita kanta. Ka fita da hantsi ko bayan la'asar, saboda da tsakar rana rana takan tsaya a tsakiyar ka, sai hula ta jefa inuwa a kan idanun mutum, fuska ta fito duhu.

Tambaya daga wani ɗalibi a Obalende:

Malam, na ɗaga kyamara a wata babbar kasuwar kayan gwari ina ɗaukar masu sauke kwandunan tumatir, sai 'yan dako suka kewaye ni, suka ce sai na goge. Na goge, amma abin ya ɓata mini rai, domin a fili nake tsaye. Shin ba ni da 'yanci?

Amsa:

Ƙanena, ka yi daidai da ka goge, kuma ina roƙonka ka daure ka dubi lamarin ta idonsu. Mutumin da yake neman abincinsa a bakin hanya a Legas ya sha ganin yadda ake fara tashin wuri: wasu baƙi su zo su ɗauki hoto, su yi 'yan rubuce-rubuce, bayan kwanaki sai a ga motar rusau. Tun da aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, 'yan'uwanmu da yawa suna ɗari-ɗari da duk wani abu da zai ajiye fuskarsu. Ga kuma tsoron a wayi gari mutum ya ga kansa a Facebook ko TikTok, jiƙe da gumi, ana yi masa dariya har labari ya kai garinsu. Waɗannan ba tsoron banza ba ne.

Ta fuskar doka, sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa, kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro ba da izini ba, don haka ka nisanci barikin soja da makamantansa, wanda kuwa Obalende ba ta rasa su ba. Amma abin da zai ba ka damar aiki a kasuwa sabo ne da mutunci, kuma waɗannan ba a samunsu a rana ɗaya.

Kowace kasuwa tana da shugabanni. Idan ta 'yan Arewa ce, ka nemi Sarkin Kasuwa ko shugaban 'yan gwari. Idan ta Yarabawa ce irin Balogun ko Idumota, akwai Iyaloja da Babaloja. Ka gaishe su, ka faɗi sunanka da unguwarku da abin da ya kawo ka. A zuwan farko kada ma ka fito da kyamara daga jaka. Ka zauna a teburin mai shayi, ka saya, ka yi hira. A zuwa na gaba ka rataya ta a wuya inda kowa zai gan ta, ka fara da hoton wanda ya ce maka da bakinsa, "Malam, ɗauke ni." Daga nan sai babban mataki, wanda mutane da yawa suke tsallakewa: ka wanke hotunan ka koma da su, ka miƙa wa kowa nasa. Ɗan dakon da ya karɓi hotonsa a takarda, ya ga an ɗauke shi da daraja, har ya ce zai aika wa mahaifiyarsa a gida, shi ne zai tsaya maka ranar da wani ya taso maka.

Akinbode Akinbiyi, wanda aka haifa a 1946, ya shafe shekaru yana zaga titunan Legas a ƙafa, kuma tun shekarun 1980 ya fara ɗaukar Bar Beach. Kyamararsa Rolleiflex ce, wadda ake riƙewa a ƙirji ana leƙawa ta sama, don haka fuskarsa ba ta ɓuya a bayan na'ura, kuma mutane suna ganin wanda yake ɗaukarsu. Wannan ɗabi'a nake so ka koya ko da wace kyamara kake riƙe da ita. Ba na goyon bayan laɓewa a nesa da dogon gilashi ana satar fuskokin mutane. Matar aure, yaro ƙarami, mai bara da mara lafiya, waɗannan ba a ɗaukarsu sai da yardarsu ko ta waliyyinsu, kuma idan mutum ya ɗaga hannu ya ce a'a, ka sauke kyamara ka yi masa godiya.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Idi-Araba:

Malam, na kai hotunan da na ɗauka ranar Sallah a wanke mini, amma suka fito duhu, wasu sun yi dishi-dishi, wasu kuma an yanke kawunan mutane. A waya suna da kyau ƙwarai. Laifin wa ne?

Amsa:

Malama, matsala uku ce, kuma dukkansu suna da magani. Ina kyautata zaton ta WhatsApp kika tura hotunan, domin haka yawancin mutane suke yi. A tsarinta na yau da kullum, WhatsApp takan matse hoto ta rage tsawonsa zuwa ɗigo kusan 1,600. Hoto mai kyau a takarda yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato ƙaramin hoto mai inci 4 da 6 yana buƙatar ɗigo 1,200 da 1,800, mai inci 8 da 12 kuma 2,400 da 3,600. Kin ga wanda aka matse ko ƙaramin ma da ƙyar ya cika, balle babba. Alhali wayar da ke da megafiksel 12 tana ɗaukar ɗigo 4,000 da 3,000, abin da ya isa hoto mai inci 10 da 13. Don haka ki kai ainihin hoton a filashi ko ta igiyar waya, ko ki tura shi a matsayin fayil yadda ba za a taɓa shi ba.

Yanke kawuna kuwa daga bambancin siffa yake. Yawancin wayoyi suna ɗaukar hoto mai awon 4 bisa 3, takardar inci 4 da 6 kuma awonta 3 bisa 2 ne, ta fi tsawo. Idan injin ya cika takardar da hoton da aka ɗauka a kwance, sai ya datse kusan kashi ɗaya cikin tara daga sama da ƙasa, kuma a nan ne ɗankwali da hula suke. Ki nemi takarda mai inci 6 da 8, wadda ta yi daidai da hoton waya, ko ki ce wa mai wankin ya saka hoton gaba ɗaya ya bar farin gefe.

Duhun kuma saboda fuskar waya tana fitar da haskenta ne, takarda kuwa sai hasken da ya sauka a kanta. Kafin ki gyara hoto ki rage hasken wayar zuwa rabi, ki ɗan ƙara wa hoton haske, musamman a fuska, sannan ki sa a wanke guda ɗaya na gwaji, ki fita da shi bakin ƙofa ki duba kafin a wanke sauran. Mai wankin da ya san aikinsa ba zai ƙi wannan ba.

Tunda hotunan iyali ne da kike so jikoki su gani, ki tambayi irin injin da suke amfani da shi. Injinan Fuji Frontier da Noritsu na asali suna wanke hoto ne a takarda mai sinadari irin ta da, kuma irin wannan hoto yana jure danshi fiye da wanda aka buga da ƙaramar firinta mai tawadar ruwa, wanda yakan koɗe da wuri idan rana tana dukansa. Tawadar da ake kira figment ta fi daɗewa, sai dai ta fi tsada, don haka a ajiye ta domin hoton da za a rataye. Idan za ki sa firam, ki ce a saka kwali tsakanin hoton da gilashi, domin a laimar Legas hoto yakan manne wa gilashi, kuma idan ya manne ba ya ɓantaruwa lafiya. Kada ki yi wa hoton da ba ki da kwafinsa lamineshin, saboda ba a iya cire ledar daga baya. A ƙarƙashin kowane hoto a albam ki rubuta sunayen mutanen, da wurin, da shekarar; idan a bayan hoton ne, ki yi amfani da fensir mai taushi, domin biro yana huda rubutu ya fito ta gaba.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Alaba Rago:

Na ajiye kyamarata a jaka cikin kabad tun farkon damina, yanzu na ga wani farin abu kamar zare a cikin gilashin. Me zan yi?

Amsa:

Alhaji, fumfuna ce, kuma duhu da danshi da rashin iska ne suka haife ta. Laimar Legas takan haura kashi 80 cikin 100 a damina, alhali gilashin kyamara ya fi son tsakanin 40 da 50. Ka raba wannan gilashi da sauran kayanka, ka kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke tun kafin ta cinye rufin da ke jikin gilashin, domin idan ta ci, tabon ba ya fita. Nan gaba ka sami roba mai murfi da ke rufewa gam, ka zuba ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, ka ajiye kyamarar a ciki ba tare da jakarta ba, bayan ka cire batir. Idan ƙwayoyin sun ƙoshi da ruwa sai a busar da su ko a canja sababbi, kuma ko da ba ka da niyyar ɗaukar komai, ka riƙa fito da kyamarar duk mako ta sha iska da haske.