Amsa ga mai son haɗa nazarin laifuka da ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kin samu gurbi a kwas ɗin da ya haɗa nazarin laifuka da ilimin halayyar ɗan Adam, kina tambaya ko haɗin yana da amfani ko gara ki riƙe ɗaya ki ƙware, sannan wane aiki ake samu in an gama. Irin wannan digirin na yi, kuma tun da na kammala nake aiki da matasan da suka taɓa shiga hannun hukuma, don haka bari in gaya miki abin da na gani da idona.

Za ki ji ana ce miki taura biyu ba ta taunuwa. A wannan karatun dai ban yarda ba, domin tambaya ɗaya fannonin biyu suke bi: me ya kai mutum ga aikata laifi, me kuma zai sa ya daina? Sun rabu ne a wurin da kowanne yake kallo. Ilimin halayya mutumin yake dubawa: tarbiyyarsa, yadda yake tunani, yadda yake danne fushinsa ko ya kasa. Nazarin laifuka kuwa, wanda galibinsa daga ilimin zamantakewa ya tsiro, unguwa yake dubawa, da talauci, da doka, da 'yan sanda, da kotu, har ma da wanda ya yanke cewa abu kaza laifi ne tun farko.

A shekarar farko wannan zai rikita ki. Da safe a karantar da ke binciken Shaw da McKay na 1942 a birnin Chicago, inda suka nuna wasu unguwanni sun daɗe suna kan gaba a laifukan yara duk da cewa mazaunansu sun sauya, waɗannan baƙi sun tashi wasu sun zo. Ki fito kin gamsu cewa matsalar ta wurin ce, ba ta mutanen ba. Da yamma kuma a kawo miki binciken Wolfgang da abokan aikinsa na 1972 a Philadelphia: sun bi bayanan yara maza 9,945 da aka haifa a 1945, sai ga shi kimanin kashi 6 cikin 100 ne kawai suka aikata fiye da rabin laifukan da aka rubuta. To, in unguwa ce kaɗai, me ya ware waɗannan 'yan ƙalilan daga sauran? Duka biyun gaskiya ne, kuma ɗalibin da ya karanta fanni ɗaya yakan kama rabi ya ɗauka ya kama duka. Ni sai da na karanta aikin Terrie Moffitt na 1993 sannan abin ya zauna mini. Ta ce masu laifi kashi biyu ne: akwai masu yawa da ke farawa lokacin balaga su bari da kansu in sun girma, akwai kuma 'yan kaɗan da matsalarsu ke bayyana tun ƙuruciya, inda raunin da yaro ya zo da shi ya haɗu da gida mai wahala, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa. A wurin aiki wannan rabon ba ƙaramin abu ba ne. Yaron kashin farko in kika kulle shi da manyan masu laifi, ke ce kika lalata wanda da zai gyaru da kansa.

Abin da ya fi amfanar da ni daga ɓangaren halayya shi ne darasin shaida da tambayoyi. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota, suka tambaye su gudun motocin. Waɗanda aka ce wa motocin sun "ragargaji" juna suka ƙiyasta sama da mil 40 a awa, waɗanda aka ce wa sun "bugi" juna suka ce mil 34. A gwaji na biyu, da wasu mutanen daban, an yi musu tambayar gudun da waɗannan kalmomi biyu, bayan mako guda aka tambaya ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashin a fim ɗin, amma 16 cikin 50 na rukunin farko suka ce sun gani, na biyu kuwa 7 cikin 50. Ba ƙarya suke yi ba, tambayar ce ta shiga cikin abin da suke tunawa. Haka nan mutum yana iya amsa laifin da bai yi ba in an matsa masa, musamman yaro. Samari biyar da aka ɗaure kan harin da aka kai wa wata mata a Central Park na New York a 1989 sun amsa a gaban 'yan sanda, sai a 2002 aka soke hukuncin bayan ainihin mai laifin ya bayyana kansa, gwajin DNA kuma ya tabbatar. Tun da na san wannan, ba na ce wa yaro "ya doke ka ne?" Cewa nake "gaya mini abin da ya faru", in ja bakina in yi shiru.

Yanzu ga inda nake son ki buɗe kunne sosai. Ginshiƙin wannan karatu ƙididdiga ce da dabarun bincike. Da yawa daga cikin waɗanda muka shiga tare sun zo ne da tunanin finafinan masu bincike, suka tarar da lissafi da manhajar nazarin alƙaluma ta SPSS da rubuta rahoton gwaji, jikinsu ya yi sanyi. Kada ki yi wa wannan darasin karatun cin jarrabawa kawai, domin shi ne zai hana ki cutar da mutane da kyakkyawar niyya. A ƙarshen shekarun 1930 an fara wani shiri na hana yara shiga laifi a garuruwan Cambridge da Somerville na jihar Massachusetts ta Amurka, aka raba yara maza gida biyu ta hanyar ƙuri'a: rabi aka ba su masu ba da shawara, da taimakon karatu, da kula da lafiya, rabi aka bar su yadda suke. Da Joan McCord ta bi sawunsu bayan shekara talatin ta wallafa a 1978, sai aka ga waɗanda aka taimaka ɗin ba su fi sauran ba, a wasu fuskoki ma sun fi su shiga matsala, kamar shaye-shaye da mutuwa da wuri. Alhali da yawansu da bakinsu sun ce shirin ya amfane su. Ba don an ajiye rukunin kwatance ba, wato rabin nan da aka bari yadda suke, da har yau ana yabon shirin. Kuma shi kansa ilimin halayya ba a haɗiye shi haka nan: a 2015 masu bincike sun maimaita gwaje-gwaje 100 da aka wallafa, ƙasa da rabi ne suka sake ba da sakamakon farko. Alƙaluman 'yan sanda ma laifin da aka kai ƙara kawai suke nunawa, shi ya sa Ingila ta fara tambayar jama'a kai tsaye ko an taɓa yi musu laifi tun 1982.

Batun aiki kuma, ba zan ɓoye miki ba: digirin farko, na haɗi ne ko na fanni ɗaya, ba ya mai da ke likitar halayya. A Birtaniya, misali, wanda ke son zama masanin halayya mai aiki da kotuna da gidajen yari sai digirinsa ya samu amincewar ƙungiyar masanan halayya ta ƙasar (BPS), ya yi digiri na biyu, ya yi aiki ƙarƙashin kulawar ƙwararre, sannan ya yi rajista da HCPC, hukumar da ke rajistar ma'aikatan lafiya. A Amurka galibi sai da digirin digirgir. A nan ne digirin haɗi yake iya ba ki matsala, domin ba kowanne ne yake da isassun darussan halayya da hukumomi ke nema ba. Wata da muka yi karatu tare sai bayan ta gama ta gane haka a wata jami'ar da ta nemi digiri na biyu, dole ta yi kwas ɗin cike giɓi na shekara guda. Kowace ƙasa da tsarinta, ki bincika na inda kike son yin aiki kafin ki biya kuɗin rajista.

Aikin zana siffar mai kisa daga alamomin da ya bari, wanda ake nunawa a talabijin, masu yin sa 'yan ƙalilan ne. Ayyukan da ake samu da gaske su ne gidajen gyaran hali, sa ido kan waɗanda aka sako, kula da yara masu laifi, tallafa wa waɗanda aka zalunta, nazarin bayanai ga 'yan sanda, da bincike ko koyarwa. Aiki ne mai nauyi a zuciya. Za ki karanta fayilolin da za su hana ki barci, za ki zauna da mutumin da ya yi mummunan abu ki ga shi ma an taɓa yi masa. Ki nemi aikin sa kai tun kina shekara ta biyu, ki gwada kanki, kuma ki samu babba a fannin da za ki riƙa sauke wa abin da ke ranki.

Shawarata dai ki karɓi gurbin, amma kafin nan ki nemi jerin darussan dukkan shekarun daga sashen. Ki duba yawan na halayya a ciki, ki ga ko ana koyar da ƙididdiga kowace shekara ko sau ɗaya ne, ki tambaya ko za a bar ki ki yi binciken kammalawa a ɓangaren halayya da bayanan da kika tattara da kanki, domin hukumomin da ke amincewa da digiri suna duba wannan. In kin samo jerin ki turo mu duba tare. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a karatun.