Kwantar ya nuna 100, mun rubuta 133

Sani, jiya da muke dawowa daga gidan burodin nan na unguwar Zariya a nan Maraɗi ka yi mini tambaya a kan babur, iska ta hana ni ba ka amsa. Cewa ka yi: "Maigida, kwantar ya nuna 100, mu kuma a takardar kuɗi mun rubuta 133. Wannan ba tauye mudu ba ne?" Na ji daɗin tambayar. Yaron da bai taɓa zargin alƙalaminsa ba, ba na barin shi da litattafan shago.

Kwantar ɗin gas da muka ɗaura wa mai burodin, wanda mutanen Jibiya da Katsina ke kira mita, irin mai zugazugi ne. Ƴan ɗakuna ne a cikinsa da fata mai motsi, wannan ya cika ya zubar, wancan ya cika ya zubar, lamba tana juyawa. Fili kawai yake ƙirgawa. Bai san ko gas ɗin da ya cika filin a danne yake ko a sake ba. Ka tuna buhun auduga: wanda aka zuba kawai da wanda aka tattake da ƙafa, a ido duk buhu ɗaya ne, sai an ɗora su a sikeli. Gas ma haka yake. Matsi yana danne shi, zafi yana kumbura shi. Shi ya sa masu sayar da gas ke mayar da lissafi zuwa ma'auni guda kafin su yi kuɗi, mu a yarjejeniyarmu digiri 15 na zafi ne da matsin milibar 1013.

Ɗauki biro. Agogon matsi ya nuna rabin bar, wato milibar 500. Amma agogon nan daga saman iskar gari yake fara ƙirga, don haka sai ka haɗa da matsin iskar da muke shaƙa. A nan yawancin yara ke faɗuwa, sai su rubuta 1013 don shi suka haddace. Wannan na bakin teku ne, na Kwatano da Legas. Maraɗi tana sama da teku da mita ɗari uku da ƴan kai, matsin iskarmu wajen 970 ne. To, 970 da 500, 1470 ke nan. Raba da 1013, ka sami 1.45. Sai zafi: lokacin da muka duba, gas ɗin yana digiri 40. Ana ƙara 273 a kan kowane, 15 ya koma 288, 40 ya koma 313. Raba 288 da 313, 0.92. Yanzu 100 sau 1.45 sau 0.92, ga 133 ɗinka da ɗan ɗori. Da ka sa 1013 a gurbin 970, da 137 za ka samu, ka caji bawan Allah kusan huɗu da bai ƙona ba, kowane zuwa. Tauye mudun na nan wurin, kuma mai yin sa sau da yawa bai ma sani ba.

Zafin shi ne ciwon kanmu a garin nan. A Afrilu bututun da rana ta doka ba ya taɓuwa da hannu, a Janairu kuma da asuba sai ka sa rigar sanyi. Kwantar ɗaya, lamba ɗaya, amma gas ɗin da ya wuce da hunturu ya fi yawa. Don haka nake faɗa idan na ga an kafa kwantar a tsakiyar rana babu ko rumfar kwano. Masu manyan ma'aikatu sukan haɗa masa ƙaramar na'ura mai karanta matsi da zafi tana gyara lissafin da kanta. Mai burodinmu bai kai nan ba, mu ne na'urarsa.

Kada ka haɗa wannan da abin da tanka ke saukewa. Wanda ake kawowa daga matatar Zinder, wadda ta fara aiki a 2011, ruwa-ruwa yake zuwa, gaurayen gas iri biyu, butan da furofan. Litar furofan wajen giram 510 ce, ta butan wajen 580. Wanda ya juya lita zuwa kilo da lambar da ya haddace bara, canki-canki yake yi. A wannan sikeli ne alƙali, kamar yadda kake auna butalin gas mai kilo 6 ka cire nauyin ƙarfen.

Sauran kuwa aikin hannu ne da ka riga ka gani. Abin tace gas kafin kwantar, don tsatsa da ƙurar hunturu. Idan kwantar mai farfela ne, ka bar masa miƙaƙƙen bututu ta inda gas ke shiga, aƙalla ninki goma na faɗin bututun, ban da gwiwa ko bawul kusa da bakinsa. Kada ka sa babban kwantar a ƙaramin aiki, ƙaramar wuta za ta wuce shi bai ji ba. Hatimin darma kuma kada ka tsinke shi kai kaɗai, sai mai gidan yana tsaye, kuma ku biyu ku sa hannu a kan lambar.

Gobe ka koma gidan burodin da ƙarfe bakwai na safe, ka sake komawa bayan azahar. Ka rubuta matsi da zafi da lambar kwantar duk sau biyun, ka yi lissafin da kanka. Idan ka zo shago ka nuna mini takardar kafin ka taɓa shayi.