Amsa: Sakatar wata bindiga za ta yi a tawa?

Ɗan'uwa, ka ce sakatar bindigarka, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a cikin ɗakinsa a gindin bututu, ta lalace, ka samo wata iri ɗaya, ta shiga ta kulle lafiya, shin za ka iya harbi da ita? Don Allah dakata tukuna.

Kullewa kaɗai ba shaida ba ce. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da wurin da harsashi ke tokarewa a cikin ɗakinsa. Idan ta yi yawa, kwanson harsashi yakan miƙe lokacin harbi har ya tsinke ta gindi, iska mai zafi ta feso wajen idonka. Idan ta yi kaɗan, sai da ƙarfi sakata ke rufewa, matsi kuma yana iya hawa.

Ido ba ya ganin wannan bambanci. Ana auna shi ne da geji, wato ƙarfen awo mai siffar harsashi da ake sakawa a ɗakin: a bindiga mai cin harsashin .308 Winchester, gejin GO inci 1.630 ne, NO-GO kuma 1.634, wato bambancinsu kusan kaurin takarda ɗaya ne. Dole sakata ta rufe a kan na farko, ta ƙi rufewa a kan na biyu, ba tare da ka danna ba. Shi ya sa masana'antu da dama ke buga lambar bindiga a jikin sakatarta.

Kai bindigar wurin ƙwararren mai gyaran bindiga ya auna maka kafin ka sa mata harsashi ko ɗaya.