Tambaya da Amsa: Yaushe Kimiyyar Abuja Za Ta Iso Mile 12?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni dillalin kayan gwari ne a kasuwar Mile 12, shekarata 14 a Legas. Kullum rediyo cewa yake gwamnati za ta gyara noma da kimiyya da fasahar zamani. Ni kuwa abin da na sani, mota ta taso da tumatir daga Kadawa, ta kwana biyu ko uku a hanya, a sauke a tarar na ƙasan kwando ya zama ruwa. Shin kimiyyar nan ta takarda ce kawai, ko akwai inda take aiki?
Mai karatunku, daga Ketu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Wasiƙarka ce ta sa ranar Asabar na yi sammako daga Agege na shigo kasuwar taku. Na tsaya a bayan wata tirela ana sauke kaya, jan ruwa na ɗiga daga gindin kwanduna har ya yi kwata, mata sun kewaye da robobi suna jiran fasasshen da Yarabawa ke kira esha. Takalmina har yanzu bai daina tsami ba.

Takarda dai akwai ta. A 2022 Ma'aikatar Noma ta Tarayya ta fitar da manufar da ake kira NATIP, wadda za ta kai 2027, kuma sunanta ma fasaha da ƙirƙira yake nufi. Kafin ita an yi ta Audu Ogbeh a 2016, an yi ta Akinwumi Adesina a 2011, dattawa kuma ba su manta da shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 ba. Kowace gwamnati da nata suna.

Amma in na ce maka duk takarda ce, na zalunci mutanen da ke aiki a Samaru. Cibiyar binciken noma ta Zariya tun 1922 take, kuma irin masara da dawa da wake da yawa da ake shukawa a Arewa daga can suka fito. A ƙarshen 2019 ta fitar da waken SAMPEA 20-T, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta iya cinsa. Manomin da kan yi feshi sau shida zuwa takwas a damina, sau biyu ya ishe shi. Na san akwai masu ƙyamarsa don an taɓa ƙwayar halittarsa, wannan muhawarar wata rana ce. Ka kuma tuna buhun PICS mai ninki uku, wanda ke hana ƙwaro iska har ya mutu ba tare da an barbaɗa wa wake guba ba.

Kai kanka ka ɗanɗana rashin kimiyya a 2016, shekarar sharon, ƙwaron da ya cinye gonakin tumatir. Ƙwaron nan daga Kudancin Amurka ya samo asali. Tsutsarsa cikin ganye take shiga ta yi rami, feshi ya wuce ta sama, ga shi kuma da saurin sabawa da magani. Manoma suka yi ta ƙara guba, gonaki suka yi ta ƙonewa, har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Masana sun san tarkon da ke jawo namijin ƙwaron da ƙamshi, sun san a riƙa sauya magani da sauya shuka. Sai dai wa zai kai wa manomin Kura wannan bayani? Malamin gona ɗaya an rataya masa dubban manoma, sau da yawa ba babur ba mai. A Maputo, a 2003, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba noma kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi. Namu na tarayya, yawancin shekaru ko rabin haka bai kai ba. A ganina nan gizo ke saƙa: ilimin yana nan, ɗan aike ne babu.

To, taka matsalar ba ta jiran farfesa. Kwandon kaba kan ɗauki kilo 50 ko fiye, na sama ya danne na ƙasa, tsinken kwandon ya soke na gefe, a ɗora wani a kansa, a yi tafiyar kusan kilomita 1,000 cikin zafi. Kiret ɗin roba kilo 25 yake ci, yana da kafofin shan iska, in an jera kuma kiret ke ɗaukar nauyin kiret, ba tumatir ba. Na san abin da za ka ce: kwando araha ne, ba a mayar da shi Arewa, kiret kuwa sai an biya kuɗin motar komawa, ga masu saye sun saba ciniki da kwando. Gaskiyarka. Shi ya sa na fi son in ga manufar ƙasa ta shiga nan, da wuraren hayar kiret da ɗakunan sanyi a Kadawa da Mile 12, maimakon wani taron otal.

Kafin nan, ku haɗa kai ku uku ko huɗu a ƙungiyarku, ku yi lodi ɗaya rabi kwando rabi kiret, daga gona ɗaya. Ranar sauke kaya ku auna lafiyayye da fasasshe na kowane ɓangare, ku cire kuɗin haya da na komawa. Ka turo mini lissafin, zan buga shi a wannan shafi ko da kwando ne ya yi nasara.